Leɓen Livinus

Anguwan Rogo, Jos
6 ga Yuli, 2024

Zuwa ga tsohon abokina Livinus,

Gaisuwa mai yawa tare da fatan alheri. Yaya jiki, yaya sanyin daminar nan da ke shiga ƙashin tsofaffi ba sallama? Yaya Madam Theodora da yara da jikoki? Ina fata kowa yana lafiya. Mu ma nan sai godiya, in ka cire abu ɗaya da zan zo kansa.

Shekara arba'in da ɗaya ke nan da na ji wata jita-jita a kanka. An ce wai leɓenka na ƙasa ya mutu, ɓangaren hagu, tun daga tsakiya har haɓa. Wai ko allura aka soka maka ba za ka ji ba, wai kuma shi ya sa ka ajiye ƙaho. Kenechi mai kaɗa mana gita ne ya fara kawo mini zancen, muna tsaye a Terminus muna jiran mota. Na yi dariya har hulata ta faɗi. Na ce masa na ga mataccen mutum, na ga mataccen jaki, amma ban taɓa ganin mutum yana yawo da ƙafarsa leɓensa yana lahira ba. Kakata da tatsuniya ta raine ni, in na ji ƙanzon kurege ina gane shi.

Za ka yi mamakin abin da ya tono wannan tsohon zance, har na ɗauki biro. Ba ni da lambar wayarka, kuma ko da ina da ita, bakina a kumbure yake. 'Yata Suwaiba ce ta ce ofishinsu ɗaya da 'yarka Adanna a jami'a, can Naraguta, kullum tare suke cin abincin rana. Ka ga, Libi, 'ya'yanmu sun fi mu hankali. Ta hannunsu wannan takarda za ta iso ka. Na san ba ka manta karatun Hausa ba, tunda ko a zagi ka fi ni iya ta.

Haƙori ne ya kayar da ni. Turmin nan na can ƙurya, na ƙarshe a ƙasa, wanda ba ya fitowa sai mutum ya yi gemu. Nawa bai taɓa fitowa gaba ɗaya ba. Ya leƙo ya tsaya, kamar baƙon da ya ƙi shiga ya kuma ƙi tafiya. Shekara da shekaru muna zaman haƙuri: in ya motsa in ba shi kanumfari da ruwan gishiri, ya kwanta. Bana dai ya ce ya gaji da cin hanci. Kumatuna ya tashi kamar na ɓoye dankalin Turawa a ciki, ko zare ban iya tsinkewa da baki. Suwaiba ta rufe mini shago, ta jefa ni a keke sai asibiti.

Likitar wata yarinya ce, Dokta Ladi, da ƙyar in ta kai Suwaiba shekaru. Na ce mata 'yata, ɗauko abin cirewa mu gama, ina da ɗinkin biki a kan tebur. Ta kalle ni ta saman tabarau ta ce, "Baba, ni ba na haƙa inda ban gani ba." Sai na tuna mahaifina, Allah Ya jiƙansa. Ka san shi, leburan kuza ne har ƙarfinsa ya ƙare. Yakan ce Bature bai taɓa buɗe fili ba sai ya fara huda ƙananan ramukan gwaji ya ga abin da ƙasa ta ɓoye, wanda ya haƙa da ka kuwa, ruwa yake tararwa.

Ta ba ni magani na kwana biyar, kumburi ya ɗan sauka, sannan aka kai ni ɗakin hoto. Aka ce in cire hula, in ɗora haɓa a kan wani ɗan dandamali, in ciji wani tsinken roba, kada in motsa. Na'urar ta zagaye kaina tana gurnani kamar tsohon keken ɗinkina. Da hoton ya fito sai ga haƙorana duka a jere, ba leɓe ba kunya, ina wa duniya murmushin da ban taɓa yi wa kowa ba.

Ta sa bakin biro ta nuna mini wasu layuka biyu dishi-dishi, sun taso daga ƙuryar muƙamuƙi sun gangaro zuwa haɓa, kamar layin dogo. Ta ce hanya ce a cikin ƙashi, kuma wata jijiya ce ke kwance a ciki. Ita ce ke sa leɓen ƙasa da haɓa su ji zafi, su ji sanyi, su ji taɓawa. Sai ta nuna saiwar turmina, ga ta zaune daram a kan layin. Ta ce in aka fizge shi da ƙarfi jijiyar ta murƙushe ko ta tsinke, leɓen wannan ɓangaren yana iya mutuwa. Wani ya farfaɗo bayan watanni, wani kuma shi ke nan.

Libi, daga nan ban ƙara jin abin da take faɗa ba. Can na tambaye ta, wanda hakan ta same shi, zai iya busa ƙaho? Ta fara dariya, da ta ga fuskata sai ta daina. Ta ce zai yi magana, zai ci abinci, zai yi murmushi, mai kallonsa ba zai gane komai ba. Amma ƙaho, ta ce, sai da leɓen da ke jin abin da yake yi.

An ce gani ya kori ji. Na ga layin nan da idona. Saura abu ɗaya da na'ura ba za ta nuna mini ba, shi ne nake tambayarka: gaskiya Kenechi ya faɗa?

Ka gaishe da Madam da kyau.

Naka,
Haladu Tela

Anguwan Rogo, Jos
21 ga Yuli, 2024

Abokina Livinus,

Bayan gaisuwa da fatan kun wuni lafiya, kai da iyali duka. Yaya ruwa? Shekaranjiya an yi mana ƙanƙara a nan har ta fasa mini kwano ɗaya a rufin shago. Ina fata ta tsallake ku.

Mako biyu ban ga amsa ba. Adanna ta gaya wa Suwaiba cewa ka karanta takardar sau biyu, ka ninke ta ka sa a aljihu, ka tambayi ko abinci ya nuna. Ban yi fushi ba. Wanda ya yi shiru shekara arba'in da ɗaya ba shi da bakin ƙorafi a kan mako biyu.

An sake yi mini hoto. Dokta Ladi ta ce na farkon kamar inuwa ce a jikin bango: in ka ga inuwar mutum biyu ta haɗu, ba ka san ko rungume suke da juna ba, ko kuwa ɗaya na gaba ɗaya na baya. Saboda haka ta tura ni wata na'urar, wadda ke nuna ƙashi ta kowace fuska. Ina zaune ta riƙa juya muƙamuƙina a kwamfuta kamar mai zaɓen doya, tana yanka shi falle-falle ba jini. Har ta kai inda take nema. Jijiyar ba ƙarƙashin saiwar take ba, ta gefen kumatu ta ratsa, kuma akwai ɗan ƙashi tsakaninsu da bai fi kaurin farce ba. Ta ce ba za ta ja ba, ba za ta girgiza ba. Za ta raba haƙorin uku ta ɗauko shi gutsure-gutsure, kowane ta janye shi nesa da jijiyar. Ta ce duk da haka ba ta yi mini alkawari ba, ta sa na sa hannu a takarda.

Kaurin farce, Libi. Yarinya ta ɓata mako uku da na'ura biyu saboda kaurin farce. Mu kuwa ranar nan minti nawa muka ɓata?

Bari in faɗe shi da kaina, tunda a takardar farko na kewaye shi kamar mai kewaye kududdufin kuza. Laraba ce. Ranar Asabar za a ɗauki ƙungiyarmu ta kiɗa, Taurarin Kuza, a gidan talabijin, karo na farko, kuma ni na ɗinka mana jajayen kwat ɗin nan masu igiyar zinariya a kafaɗa. Haƙorinka ya tashi. Ka je asibiti suka ce ka sha magani kumburi ya sauka, ka dawo bayan kwana goma a yi hoto. Kai ka yarda. Ni ne na ce kwana goma wasa ne, na san wani a bakin Terminus mai laima da kwalba cike da haƙoran mutane, ba ya haɗa minti biyar. Ka ce kana tsoro. Na ce ƙaton banza, ka tsallake yaƙi ka dawo Jos da ƙafarka, awartaki ne zai gagare ka? Ni na zaunar da kai a bencin. Ni na rungume kanka a cikina, na danne goshinka da hannu biyu. Mutumin ya ja bai zo ba, ya murɗa bai zo ba, ya taka benci ya fizga. Na ji wani ƙas a tafin hannuna. Har yau in na karya allura a ɗinki sai na tuna shi.

Ranar Asabar fitilu suka kama, na buga ganga na buɗe maka hanya kamar kullum, ka ɗaga ƙaho. Abin da ya fito iska ce kawai, kamar tayar da ƙusa ta huda. Ka sake, haka. Ka cire kwat ka rataye a jikin kujera ka fita. Ranar Litinin aka gan ka a shagon kawunka a Dilimi kana jera kayan mota.

Ka san abin da na faɗa a gaban jama'a, don na tabbata an kai maka. Na ce jinin kasuwa ne ya motsa, ka ji ƙamshin shago ka watsar da mu da gangan, na kuma haɗa da sunan nan da na san ba ka so. Ƙungiya ta watse kafin Kirsimeti, na ɗora maka laifin duka.

Ba Kenechi kaɗai ya gaya mini ba. Matata Binta ma, Allah Ya jiƙanta, ta faɗa. Sun haɗu da Madam Theodora a wajen awon ciki, ta dawo ta ce mini, "Malam, mutumin nan fa da gaske leɓensa ba ya ji." Na ce mata zancen asibitin mata a bar shi a asibitin mata. Ba ta ƙara tayarwa ba, sai dai duk ranar da aka ambaci sunanka takan dube ni wani iri.

Yanzu na gane ba wayo ne ya hana ni yarda ba. In leɓenka ya mutu, to a hannuna ya mutu. In kuwa kwaɗayin shago ne, ni ne aka cuta. Na zaɓi wadda ta fi sauƙin ɗauka.

Akwai kuma wata. Ranar sadakar ukun Binta, lokacin da saboda rikicin gari ko ɗan keke ba ya yarda ya ɗauko mutumin anguwarku Apata ya shigo da shi Anguwan Rogo, sai ga ka da ƙafarka. Ka zauna a tabarma cikin mutane. Aka miƙo maka kunu ka ce ka gode, aka miƙo ruwa ka ce ka gode. Na ce a raina, wato har ruwan gidana ya zama abin ƙyama. Shekara tara ina riƙe da wannan. Sai makon jiya Dokta Ladi take gaya mini, ba tare da ta san me take tonowa ba, cewa masu wannan lalura ba sa son shan abu a cikin taro, don yana zubo musu ba su sani ba.

An sa mini Talata, talatin ga wata, ƙarfe tara na safe. Ba na ce ka zo ba, ba ni da wannan fuskar. Na dai gaya maka ne. Kuma ina tsoro, ƙaton banza.

Kwat ɗinka yana nan a ƙasan akwatina. Asu ya ɗan taɓa hannun dama, na gyara.

Naka,
Haladu

Anguwan Rogo, Jos
2 ga Agusta, 2024

Libi,

Gaisuwa da fatan ka koma gida lafiya ranar nan, ruwan bai taɓa ka ba. A gaishe da Madam, a ce mata farfesun ya iso kuma ya sha yabo, ko da yake ta mance cewa mai rami a baki aka aika wa, ta zuba barkono kamar tana rama maka.

Jiki da sauƙi. Kumburi na sauka, zaren ɗinkin yana nan sai mako mai zuwa. Na duba aikin a madubi, hannunta ba laifi, sai dai da ni ne da na ɗan matse tazarar.

Za ka ce me ya rage kuma, tunda mun zauna tare awa biyu. Abin da ya rage shi ne ranar nan bakina ba nawa ba ne, kai kuma ka hana ni ko fara magana.

Da muka iso na hango wani tsoho a bencin baranda, da sanda da hular sanyi, da farin hankici a hannun hagu. Hankicin na fara ganewa. Tun bayan watsewar ƙungiya duk inda na hango ka yana hannunka, har nakan ce wa mutane ga Oga Livinus can da yangarsa ta masu shago. Ka ɗago ka dube ni sama da ƙasa ka ce, "Tela, haka ka tsufa? Wa ya ɗinka maka wannan fuskar?" Shi ke nan gaisuwar shekara arba'in da ɗaya.

Ba su bar ka ka shiga ba, don haka bari in ba ka labarin ciki. Ta manna hoton a gabanta, tana aiki tana ɗaga kai tana dubawa, kamar direban da ke bin taswira a garin da bai sani ba. Allura biyu, sai ƙarar ɗan injinta, sai na ji tana cewa ɗaya, can ta ce biyu. A na ukun ta daɗe, har na fara karanta abin da ya sawwaƙa. Sannan na ji ƙarar abu a faranti. Ba wanda ya danne mini goshi. Ba wanda ya taka benci.

Ta ce allurar za ta riƙe leɓena wasu awoyi, in ya farka to jijiya ta tsira, in bai farka ba mu sake zama. Ta ce kada in sha abu mai zafi. Shi ya sa da ka ja ni rumfar mai shayin bakin asibiti, ka sa aka yi ta fifita nawa har ya zama ruwan wanka. Na lura kai ma ka karɓi kofi, a gaban mutane. Na lura, Libi.

Ban san yadda zan kwatanta maka abin da ka fi ni sani ba. Na taɓa haɓata na ji kamar haɓar wani nake taɓawa. Na kai kofi baki ban san inda kofin ya tsaya ba. Ina cikin ƙoƙarin haɗa kalmar da na zo da ita tun daga gida, sai ka ce, "Rufe bakin nan kafin audugar ta faɗo. Naka aro ne, kafin la'asar za ka mayar."

Na ce to gaskiya ne ke nan. Ka ce wace gaskiya, kai dai ka gaji da busa ne, kawunka kuma yana neman mai tsare masa shago, in daina ɗaukar kaina da muhimmanci. Ka rantse har da Allah. Ka ga, tsakanin ni da kai ban san wanda ya fi taurin kai ba: ni na shekara arba'in ina ƙaryata gaskiya don in tsira, kai ka shekara arba'in kana ƙarya don in tsira.

Leɓen ya farka wajen ƙarfe huɗu, kamar yadda ka ce. Ya fara da tsikari kamar tururuwa na tafiya a ciki, sannan zafi ya zo. Ban taɓa murna da zafi irin ta ranar ba. Suwaiba ta kira likita ta gaya mata, ni kuma na shiga ɗaki na rufe ƙofa, don abin da ya zo mini bayan murnar ba na gaban yara ba ne. Awa shida na yi a gidan da kake ciki tun muna samari, kuma ni na kai ka ƙofarsa.

Ka yafe mini, Livinus. Laraban nan, da maganar da na faɗa, da kunun da na riƙe ka da shi. Ga shi a rubuce, inda ba za ka iya katse ni ba.

Suwaiba za ta ba Adanna ƙunshi. Kwat ɗinka ne, na buɗe shi a ciki don na ga tumbin da shago ya yi maka. Akwai kuma hankici shida, farin yadi mai laushi, na yi musu kalmasa da hannu. Ranar Lahadi in kun taso coci zan zo Apata, in kuma ɗan keke ya ƙi, na san hanya.

Jikokina sun ji ƙishin-ƙishin, sun matsa in ba su labarin mutumin da leɓensa ya riga shi mutuwa. Na ba su jiya da yamma. Da na gama suka ce Kaka, wannan ai tatsuniya ce, wa ya gaya maka? Na ce mutum huɗu. Na farko Kenechi, na yi masa dariya. Ta biyu kakarku, na kwaɓe ta. Ta uku likita, da hotonta a hannu. Na ƙarshe kuwa bai faɗa da baki ba, musu ma ya yi. Muna zaune a rumfar mai shayi, shayi ya gangaro mini ta gefen baki ban sani ba, sai ya miƙo hankicinsa ya tare shi daidai inda zai ɗiga, tun bai kai kwalar rigata ba, idonsa na kan titi. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Suka ce wane ne shi?

Na ce sunansa Livinus, mai busa ƙahon Taurarin Kuza.

Naka har kullum,
Haladu Tela